Ko Kofi Ko Babu: Wasiƙunku Kan Hokin Ƙanƙara

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon wasiƙun da suka taru mana sun karkata ne wajen wasa guda, wato hokin ƙanƙara da 'yan'uwanmu mazauna Kanada suka tsunduma a ciki. Na zaɓi guda uku don kusan ciwo ɗaya ne yake damun masu su.

Tambaya ta farko

Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Edmonton, ina kuma ɗan taɓa aiki a wani sito da daddare. Da na zo ban san komai a hoki ba, ko ɗan faifan da suke bugawa ba na iya gani a talabijin saboda gudu, amma abokan aikina suka yi ta jana har na zama ɗan Oilers na gaske, na sayi riga mai lamba 97 ta Connor McDavid. Toh a 2024 muka je wasan ƙarshe Florida ta cinye mu, a 2025 muka sake komawa Florida ɗin dai ta sake cinye mu. Ni wallahi na ji zafi amma kuma a raina ina jin na more watannin nan, da na faɗi haka a wajen aiki sai wani ya ce min ai ni ban san hoki ba shi ya sa, wai a garin nan ko kofi ko babu, wanda ya zo na biyu da wanda ya zo na 32 duk ɗaya ne, kakar gaba ɗaya ta tafi a banza. Tun ranar nake jin kamar ni ɗin baƙo ne a harkar. Shin ni ne ban kai cikakken magoyi baya ba ko kuwa?

Daga ƙaninka a Edmonton

Amsa

Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da ba abokin aikinka haƙƙinsa kafin in saɓa masa, domin maganarsa ba daga sama ta faɗo ba. Mutumin Edmonton da ya haura shekara 45 ya ga garinsa ya ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar NHL ta ƙungiyoyin Kanada da Amurka, sau biyar cikin shekara bakwai, 1984, 1985, 1987, 1988 da 1990, huɗun farko da Wayne Gretzky a gaba. Wanda ya tashi a cikin wannan daɗin dole bakinsa ya saba, kuma ga shi yanzu Allah ya sake ba su McDavid, ɗan wasan da mutane da yawa suke ganin babu kamarsa a duniya a zamaninsa, suna kallon shekarunsa na tafiya babu kofi. Ka ƙara da cewa daga 1993 da Montreal ta ɗauka har zuwa wannan wasan na 2025 da kake magana, babu ƙungiyar Kanada ko ɗaya da ta ɗaga kofin, alhali su suke ganin wasan nasu ne, kofin ma gwamna janar ɗinsu ne Lord Stanley ya ba da shi tun 1892. Ka ga kenan ba rashin hankali ne yake sa su faɗin haka ba, jiran ne ya yi musu tsawo.

Amma cewa kakar ta tafi a banza, wannan kam ban yarda ba, ko kaɗan.

Tuna min yadda kakar 2023 zuwa 2024 ta fara. A wasa 12 na farko biyu kacal Oilers suka ci, a watan Nuwamba aka sallami koci aka kawo Kris Knoblauch, mutane har sun fara shafa fatiha. Sai ga su sun ci wasa 16 a jere. Suka shiga zagayen fidda gwani, inda sai ka ci abokin karawarka wasa huɗu cikin bakwai kafin ka wuce, suka fitar da Los Angeles, suka fitar da Vancouver a wasa na bakwai, suka fitar da Dallas. A wasan ƙarshe Florida ta ci uku na farko a jere, saura ɗaya ta ɗauki kofi, kowa ya ce shikenan. Kai kana garin, ka fi ni sanin abin da ya faru a wasa na huɗu da aka tashi 8 da 1, da na biyar, da na shida da aka yi a filinku na Rogers Place aka ci 5 da 1, mutane cike da dandalin da ke wajen filin sanye da ruwan lemo da shuɗi, motoci na ta hon har tsakar dare, wanda bai san ka ba ya rungume ka. A tarihin gasar ƙungiya ɗaya ce tak ta taɓa tasowa daga 3 da babu a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin, Toronto a 1942. Ku kuka kai har bakin ƙofar, a ranar 24 ga Yuni aka tashi 2 da 1. Ci ɗaya fa. Yanzu wani ya zo ya ce maka waɗannan dararen duk ba a yi su ba saboda ci ɗaya? Ai abin da ka gani da idonka ka ji a jikinka babu mai goge shi, ko shi mai maganar na tabbata a daren wasa na shida muryarsa ta dishe don ihu.

Akwai wani abu da nake so ka rarrabe. Maganar ko kofi ko babu asalinta ta 'yan wasa ce, kuma a bakinsu tana da ma'ana. McDavid ya tara maki 42 a zagayen fidda gwani na 2024, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci, ya taimaka an ci sau 34 wanda ya karya tarihin Gretzky, aka ba shi kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen duk da ƙungiyarsa ce ta sha kashi, amma bai fito ya karɓa ba, ya zauna a ɗakin sauya kaya tare da abokan wasansa. Haka kuma akwai al'adar da yawancin kyaftin suke bi ta ƙin taɓa kofin yanki da ake bayarwa kafin wasan ƙarshe, wai ba shi suka zo nema ba. Ni ina ganin girmansu a kan haka. Sana'arsu ce, jikinsu ne a ciki. A 2013 Patrice Bergeron na Boston ya buga wasan ƙarshe da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, bayan an tashi aka kwantar da shi asibiti da huda a huhu. Wanda ya biya irin wannan farashin in ya ce min na biyu bai ishe shi ba, ba ni da bakin musa masa. Amma mai kallo da ya ari wannan maganar ya yafa, me ya samu? Shi ba a rubuta sunansa a jikin kofin ba ko da an ci, rabonsa a harkar shi ne dararen nan da zaman tare da bugun zuciya, toh in ya ce ba ya ƙirga su sai an ɗauki kofi, ya zubar da nasa rabon da hannunsa kenan.

Ka yi lissafi ma mana. Ƙungiya 32 ce a gasar NHL, kofi ɗaya. Ko da layi ake bi ana ba kowa, sai ka jira shekara 32 kafin ya zagayo kanka. Duk shekara magoya bayan ƙungiya 31 ne suke kwana babu kofi. In dai ƙa'idar abokinka za a bi, to mutum zai yi rayuwarsa kusan duka yana bin abin da shi da kansa ya yanke cewa asara ne, ni kuwa ban ga yadda za a kira wannan so ba.

Don haka ba ka gaza ba ƙanena. Ka ji zafi, wannan shaida ce kana so. Ka more, wannan shaida ce idonka a buɗe yake. Ba sai ka yi gardama da shi ba, babba ne a harkar, ka bar shi da jiransa. In ya sake tayar da maganar ka tambaye shi a ina ya kalli wasa na shida da kuma wa yake kusa da shi, za ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

Tambaya ta biyu

Malam ni ƙwallon ƙafa na sani. Wani abokina yake ce min a hoki ƙungiya za ta iya fin kowa maki a kaka amma ta tashi ba ta da komai. Yaya haka? Wannan ba zalunci ba ne?

Daga mai karatunku na kullum

Amsa

Gaskiya abokinka ya faɗa maka. A Firimiyar Ingila wanda ya fi maki shi ne zakara, a NHL kuwa wasa 82 da aka saba bugawa a kaka tikitin shiga ne kawai. Ƙungiya 16 ke wucewa, sai a yi zagaye huɗu, a kowane zagaye ƙungiya biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu, in ta kama a kai wasa bakwai. Wato sai ka ci wasa 16 cikin kusan wata biyu, daga Afrilu zuwa Yuni, kafin ka taɓa kofin. Wanda ya fi maki a kaka ana ba shi wani kofi daban mai suna Presidents' Trophy amma magoya baya ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wasu ma gani suke kamar jafa'i ne. Boston a kakar 2022 zuwa 2023 ta ci wasa 65 ta tara maki 135, ba a taɓa yin haka ba a tarihi, sai Florida da ta shigo da ƙyar ta fitar da ita a zagayen farko bayan Boston tana gaba da 3 da 1. Tampa Bay a 2019 ta ci wasa 62, Columbus ta share ta huɗu babu ko ɗaya. A ɗaya gefen kuma Los Angeles ta shiga a matsayi na takwas a yankinta a 2012 ta ɗauki kofin, St. Louis kuwa a farkon Janairun 2019 ita ce ta ƙarshe a gasar gaba ɗaya, a watan Yuni ita ce zakara.

Dalili shi ne ba a cika cin ƙwallaye da yawa a hoki ba, kuma faifan yana iya bugun ƙafar wani ko sandar wani ya karkace ya faɗa raga ba tare da kowa ya nufa ba. Gola ɗaya in ya samu sa'a na sati biyu sai ya hana ƙungiyar da ta fi kowa sakat, kamar yadda Jaroslav Halak na Montreal ya yi wa Washington a 2010. Ga kuma iyakar albashi da aka kafa tun 2005 wadda ta hana mai kuɗi ya saye duk gwanaye, shi ya sa tazarar da ke tsakanin ƙungiyoyin ba ta da yawa. Zalunci dai ba zan kira shi ba tunda kowa ya san ƙa'idar kafin a fara, amma wannan shi ne ya sa nake cewa auna ƙungiya da kofi kaɗai awo ne da ba ya faɗin gaskiya duka.

Tambaya ta uku

Malam ina wuni, ya iyali. Don Allah a sakaya sunana. Muna zaune a Toronto ni da maigidana da yaranmu. Mutumin kirki ne wallahi, ba shi da wata matsala, amma da zarar an shiga watan Afrilu sai gidan ya koma kamar ana zaman makoki ko ana jiran sakamakon asibiti. Ranar da Florida ta ci Maple Leafs, ƙungiyar Toronto, 6 da 1 a wasa na bakwai a 2025 ya cire rigarsa ya jefar a ƙasa, ya yi kwana biyu ba ya magana da kowa, yana ta rubuce-rubuce a waya yana zagin 'yan wasan wai a sayar da su duka. Abin da ya fi damuna shi ne yaronmu mai shekara tara, shi ma yana buga hoki a ƙungiyar yara, kwanaki suka zo na biyu a wata gasa aka ba su lambar yabo, da muka shiga mota sai ya cusa ta ƙarƙashin kujera ya ce ai Abba ya ce na biyu ba komai ba ne. Na rasa yadda zan yi masa magana ba tare da ya ga kamar na raina abin da yake so ba.

Daga 'yar'uwarku a Toronto

Amsa

Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya bar zumunci ya raya mana yaran. Wasiƙarki ita ce ta fi tsaya min a rai cikin ukun, saboda lambar nan da ke ƙarƙashin kujera.

Ki fara sanin irin kayan da maigidanki ya ɗauko wa kansa. Toronto ta ci kofin sau 13 amma na ƙarshe a 1967 ne, lokacin ƙungiya shida ce kawai a gasar. Daga nan har zuwa wannan wasan da kika ambata ko wasan ƙarshe ba su sake zuwa ba. Kuma ba rashin cin ne kawai ba, yadda ake rasawar ne. A 2013 suna gaba da Boston 4 da 1 a kashi na uku, wato na ƙarshe, na wasa na bakwai, aka rama aka cinye su 5 da 4 a ƙarin lokaci. A 2021 suna gaba da Montreal wasa 3 da 1 suka bari aka fitar da su. Daga 2004 sai a 2023 suka sake tsallake zagayen farko. A 2025 ɗin ma su ne na ɗaya a rukuninsu, sun fitar da Ottawa, sun ci Florida biyu na farko, sannan abin ya ƙare da 6 da 1 a gidansu, wasu 'yan kallo na jefa riguna cikin fili. Duk wanda ya zauna a garin ya shiga harkar, ko ba a can aka haife shi ba, wannan tarihin zai hau kansa, gidajen rediyo da talabijin ma kullum suna ƙara hura wutar. Na faɗi wannan ne don ki san ba shi kaɗai ba ne kuma kada ki ce masa ai wasa ne kawai, wannan kalmar ita ce za ta rufe miki ƙofa.

Amma fahimta daban, yarda daban. Ɓacin rai na dare ɗaya ba laifi. Kwana biyu ana gaba da mata da yara a kan abin da ba su suka yi ba, wannan shiga haƙƙi ne, kuma zagin mutane a waya bai dace da magidanci ba. Su 'yan wasan nan mutane ne masu iyaye da mata. Mitch Marner ɗan yankin Toronto ne, tun yana yaro yake son ƙungiyar, a kakar nan ya tara maki 102, amma shi aka fi ɗora wa laifi, daga baya ya koma Vegas, kuma ya faɗa a wata hira cewa bayan wasan an watsa adireshin gidansa a intanet har sai da aka sa masu tsaro. Haba jama'a. In kina son ganin inda wannan hanyar take kaiwa in an bi ta har ƙarshe, ki duba Vancouver a 2011, daren da Boston ta ci su 4 da babu a wasa na bakwai, aka ƙona motoci aka fasa shaguna mutane fiye da ɗari suka ji rauni a garinsu na kansu. Washegari da safe kuma 'yan garin ne dai suka fito da tsintsiya da leda suna shara, suna rubuta ban haƙuri a jikin katakon da aka toshe tagogin shaguna da shi. Dukansu magoya bayan ƙungiya ɗaya ne fa.

Shawarata, kada ki yi masa maganar a watan Afrilu ko Mayu, kuma kada ki fara da halinsa. Ki bari sai ranar da hankalinsa yake kwance, ki ɗauko lambar nan ki ajiye a gabansa, ki faɗa masa inda kika same ta da abin da yaron ya ce, kalma da kalma, sannan ki yi shiru. Kin ce mutumin kirki ne, na yarda, kuma uba na kirki in ya ji maganarsa ta fito daga bakin ɗansa a haka ba ya buƙatar wa'azi. Ina kyautata zaton bai ma san yaron yana saurare ba. Ku yi yarjejeniya mai sauƙi, in an fitar da su daren nan nasa ne ya yi jimaminsa, wayar kuma a ajiye ta, da safe a gaisa a karya tare kamar kullum.

Shi kuma yaron, gyaran daga bakin Abbansa ya kamata ya fito tunda daga can ɓarnar ta fito. A cikin hokin kanta akwai abin da zai nuna masa. Duk zagayen da aka gama, bayan sati biyu ana gwabzawa ana fasa wa juna baki, ƙungiyoyin biyu sai sun yi layi a tsakiyar fili sun gaisa hannu da hannu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ci da wanda aka ci, ya zaunar da shi su kalli wannan tare maimakon a kashe talabijin cikin fushi. Ya ba shi labarin Ray Bourque da ya yi shekara fiye da 20 a Boston bai ɗauki kofi ba sai a 2001 da Colorado a wasansa na ƙarshe, ya tambaye shi ko duk shekarun can ba komai ba ne. Sannan ya ba shi labarin Steve Smith na Edmonton. A 1986, wasa na bakwai da Calgary, ranar da ya cika shekara 23, ya zo zai miƙa faifan daga bayan ragarsu sai ya bugi ƙafar golansu Grant Fuhr ya faɗa ragar tasu, da wannan cin aka fitar da su, ya durƙushe a kan ƙanƙara yana kuka. Ƙungiyar ba ta kore shi ba. Shekara ta zagayo suka ɗauki kofin a 1987, Gretzky ya karɓa a matsayinsa na kyaftin, kuma mutum na farko da ya miƙa wa shi ne Steve Smith.

Lambar kuma a samu ƙusa a rataye ta a falo inda baƙi za su gani, Abban ne zai rataya da hannunsa yaron yana tsaye. Ki rubuto min bayan nan in ji yadda aka yi.